Hannuna Ne Ya Kuɓuce

Akwai wata magana da kusan kowannenmu ya taɓa faɗa, ko kuma aka taɓa faɗa masa: "Wallahi ban san lokacin da na yi ba, hannuna ne ya kuɓuce." Uba yakan faɗe ta bayan ya kwaɗa wa ɗansa mari. Miji yakan faɗe ta a gaban surukai idan an zauna sulhu. Malamin makaranta yakan faɗe ta idan bulala ta fasa wa yaro fata. Mu kuma masu saurare mukan gyaɗa kai, mu ce a yi haƙuri, tsautsayi ne, sharrin zuciya ne. To amma na daɗe ina tambayar kaina: idan da gaske hannu yana iya riga mai shi, laifin abin da ya aikata a wuyan wa yake? Idan kuma alheri ne ya aikata, wa ya cancanci yabon?

Ba a littafi na fara cin karo da wannan tambaya ba, a garin Sabha na ƙasar Libiya ne. Ilimin motsa jiki na karanta a kwalejin horar da malamai, na kuma koyar da wasanni a wata makarantar sakandare na 'yan shekaru. Da albashi ya gaza kai mu ƙarshen wata, sai na bi sawun 'yan'uwa. Na hau bayan Hilux daga Agadas, muka ratsa Dirku da Madama, muka shiga Gatrun, har muka sauka Sabha a shekarar 2016. Garin shi ne babban birnin yankin Fezzan, fiye da kilomita 600 kudu da Tarabulus, kuma yankin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin ta Murzuk da Gat fataken da suka riƙa kai fatu da tufafin Kano bakin teku suke bi tun zamanin kakanni. Ni dai ba fatauci ya kai ni ba. Takardar shaidata ta zauna a ƙasan jaka, na zama lebura, ina fita da sassafe in tsuguna a bakin titi tare da masu cebur da masu guduma, muna jiran motar da za ta tsaya ta ɗebi ma'aikata.

A can na ga hannaye biyu da har yau ban manta da su ba.

Na farko hannun wani dattijon magini ne, mutumin wajen Maradi, wanda na yi wata bakwai ina miƙa masa bulo da kwaɓin siminti. Wata rana muna aikin bene a unguwar Gurda, wani yaro ɗan shekara goma sha shida da ke tare da mu ya taka ƙarshen katakon da muke tsaye a kai, katakon ya ɗaga, yaron ya tafi da baya. Ni da nake kusa da shi ko motsi ban yi ba, baki kawai na buɗe. Dattijon nan, wanda rabin hankalinsa ke kan igiyar awo, ya saki cokalin gininsa, ya cafko wuyan rigar yaron da hannun hagu, ya dafe bango da na dama, duk kafin ihun da ke maƙogwarona ya fito. Da muka sauko ƙasa jikina na rawa, na ce masa, "Baba, yaya aka yi ka yi wannan?" Ya karkaɗe tafinsa ya ce, "Malam, ni ma ban sani ba. Hannun ne ya tafi."

Na biyu hannun wani matashi ne, Bahaushe kamarmu, da muka zauna ɗaki ɗaya na ɗan lokaci. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san abin da ake kira gidan bashi: gidan da ake tsare matafiyin da bai biya kuɗin mota ba, ko wanda direba ya sayar, a riƙa dukansa ana kiran danginsa a waya su ji kukansa su aiko da kuɗi. Ba jita-jita ba ce. A watan Afrilun 2017 hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton shaidun da suka ce ana cinikin mutane a Sabha kamar kaya. Wannan matashi ya shiga irin wannan gida a matsayin wanda aka tsare. Da danginsa suka kasa biya, sai masu gidan suka ba shi zaɓi: ko ya ci gaba da shan tiyo, ko ya riƙe tiyon. Ya riƙe, ya yi kusan shekara yana riƙe da shi. Lokacin da na san shi ya riga ya fito. Wani dare wani ƙaramin yaro a ɗakinmu ya yi tuntuɓe da butarsa, ruwa ya zube a kan tabarma. Kafin kowa ya ɗaga kai, yaron yana ƙasa, bakinsa na jini. Matashin ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na aro ne, ya ce, "Wallahi, Malam, ban san na yi ba. Hannun ne ya saba."

Ka ga magana ɗaya ce ta fito daga bakuna biyu. Idan muka karɓi uzurin matashin, muka ce ba shi ba ne, hannunsa ne, to dole mu ƙwace yabon dattijon, mu ce shi ma ba shi ya ceci yaron ba. Idan kuma muka nace cewa dattijon gwarzo ne, to ba mu da bakin wanke matashin. Ba a raba hanta da jini. A nan ne karatun da na ɗauka ya mutu a ƙasan jaka ya dawo mini da amfani.

A cikin ilimin wasanni akwai fannin da ke binciken yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da tsoka suke haɗuwa su samar da motsi, da yadda ake koyon motsin har ya zama gwaninta. Ana koyar da shi a sassan ilimin motsa jiki na Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ita ma Jami'ar Sabha, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1983, tana da tsangayar ilimin motsa jiki. Abu na farko da wannan fanni zai gaya maka shi ne cewa mutanen nan biyu ba ƙarya suka yi ba. Hannu yana riga tunani, kuma an auna hakan.

Tsakanin lokacin da ido ya ga abu da lokacin da jiki ya fara amsawa, akan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wannan ma idan amsar guda ɗaya ce kuma mutum yana jiran ta. Idan sai ya zaɓa tsakanin amsoshi, lokacin yakan ƙaru. Ɗauki bugun fanareti: tazarar mita 11 ce, ƙwallon da aka buga da ƙarfi kuma takan isa raga cikin rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka. Mai tsaron gidan da ya ce sai ya ga inda ta nufa, ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya tashi, a cikin raga zai tsince ta. Gwanin gola yana karanta ƙugun mai bugu da ƙafar da ya dasa a ƙasa, ya tashi kafin ya iya gaya maka abin da ya gani. Haka ɗan dambe yake kauce wa naushi, haka ɗan kokawa yake jin abokin karawarsa ya sauya ƙafa tun kafin 'yan kallo su lura.

A 1967 wasu masana biyu 'yan Amurka, Paul Fitts da Michael Posner, suka kasa koyon gwaninta mataki uku. Da farko mai koyo yana tunanin kowane motsi, yana faɗa wa kansa abin da zai yi, yana kuskure da yawa. Daga nan sai gutsattsarin motsin su fara haɗuwa, kuskure ya ragu. A ƙarshe aikin ya riƙa gudana da kansa, har mutum ya iya yin sa yana hira. Duk wanda ya koyi tuƙin babur, ko macen da ta koyi tuƙa tuwo a babbar tukunya, sun bi ta matakan nan ko ba su san sunansu ba. Wani abin mamaki kuma: daga cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar mutum, kusan biliyan 69 suna cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda babban aikinta daidaita motsi ne. Wato mafi yawan ma'aikatan gidan ba sa shiga zaure su ba maigida labarin abin da suke yi.

Idan a nan ilimin ya tsaya, da sai mu ce uzuri ya tabbata, mutum inji ne da aka ɗaure wa zare, kowa ya tafi gida. Amma akwai wani mutum da ya nuna ba haka abin yake ba, kuma a wurin masu guduma ya gano shi.

Sunansa Nikolai Bernstein, ɗan ƙasar Rasha, an haife shi a 1896, ya rasu a 1966. A 1922 ya fara aiki a wata cibiyar nazarin ƙwadago da ke Mosko, wadda Aleksei Gastev ya kafa. Burin Gastev shi ne a gano motsi mafi dacewa na kowace sana'a, a cusa shi a jikin ma'aikaci har ya riƙa maimaita shi kamar inji. Bernstein ya liƙa ƙananan fitilu a gaɓoɓin hannun masu dukan ƙarfe da kuma a kan gudumarsu, ya ɗauki hoton hanyar da kowace fitila ke bi. Abin da ya gani ya saɓa wa abin da ake nema. Gwanin maƙeri ba ya maimaita motsi ɗaya sau biyu. Kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu, kowanne yana sauya hanya daga bugu zuwa bugu, amma kan gudumar yana sauka inda ake so. Idan kafaɗa ta ɗan kauce, gwiwar hannu ta rama mata. Jikin mutum yana da tsoka fiye da 600 da gaɓoɓi masu juyawa ta fuskoki da yawa, saboda haka hanyoyin kai guduma kan ƙarfe ba su ƙirguwa. Abin da gwani ya koya ba hanya ɗaya ba ce daga cikinsu. Ya koyi yadda zai cim ma manufa ɗaya ta kowace hanya da hali ya ba shi. Bernstein ya kira wannan maimaici marar maimaici. Shi Gastev, gwamnatin Stalin ta kama shi a 1938, aka harbe shi a shekarar da ta biyo. Shi ma Bernstein an tura shi gefe wajen 1950 saboda ra'ayinsa ya saɓa wa na mabiya Pavlov, sai bayan rasuwarsa, da aka fitar da littafinsa da Turanci a 1967, duniya ta san darajarsa.

Ɗan'uwa mai karatu, ka tsaya ka dubi abin da wannan yake nufi ga tambayarmu. Sabo ba makaho ba ne. Hannun da ya ƙware ba faifai yake sake kunnawa ba, bawa ne mai wayo da ke yi wa wata manufa hidima, yana duba wuri, yana duba lokaci, yana duba wanda ke gabansa. Dattijon magini bai taɓa yin atisayen cafko yaro daga kan katako ta wannan kusurwa ba. Abin da ya shekara arba'in yana yi shi ne lura da na ƙasa da shi a wurin aiki: gyara wa wannan tsayuwa, janye wancan daga ƙarƙashin bulo, duba katako kafin yaro ya hau. Na gan shi yana yin haka kullum, har muna ce masa ya cika sa ido. Manufar ce ta zauna a jikinsa, ranar da aka buƙace ta kuma ta samar wa kanta hanya.

Haka nan hannun matashin nan. Na zauna da shi wata uku, na kuma lura da abin da shi bai lura da shi ba. Mun sha tsayawa a shingen 'yan bindiga, an zage shi, an tura shi, an zare masa kuɗi daga aljihu, hannun nan bai taɓa kuɓucewa ba. Mai gidan da muke haya ya taɓa watsa masa kayansa waje, hannun ya zauna lafiya a gefensa. Sai a kan yaro ɗan shekara goma sha uku, marar kowa, hannun ya manta da mai shi. Ka binciki duk wanda ka sani mai saurin hannu, za ka tarar da haka. Mijin da hannunsa ke kuɓucewa a kan matarsa bai taɓa kuɓucewa a kan ɗan sanda ba. Malamin da bulalarsa ke wuce gona da iri a kan ɗan talaka yakan san daidai inda zai tsaya idan ɗan mai unguwa ne. Hannun da ya iya bambance wanda zai rama da wanda ba zai iya ba, ba za a ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Abin da ya koya ba mari ba ne kawai, ya koyi wanda ake mari.

Saboda haka amsata ita ce: gaskiya ne a cikin wannan rabin daƙiƙar babu shawara, amma an riga an yi shawarar tuntuni, a ranakun da ba wanda yake kallo, sau ɗari, sau dubu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Alhakin mutum bai tsaya a kan abin da ya zaɓa a lokacin da abu ya faru ba, ya haɗa da irin hannun da ya yi shekaru yana rainon sa.

Magabata sun riga masu fitila da kyamara zuwa nan. Aristotal na Girka ya yi bayanin cewa da gini ake zama magini, da aikata adalci kuma ake zama adali, ya kuma kwatanta mai mugun sabo da wanda ya jefa dutse: kafin ya sake shi yana da iko, bayan ya sake shi ba ya iya kiran sa ya dawo, amma duk da haka shi ya jefa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana hali a cikin Ihya'u da cewa yanayi ne da ya kafu a rai, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba, ya kuma buga misali da mai son iya rubutu mai kyau, wanda dole ya tilasta wa hannunsa kwaikwayon gwanaye har abin ya zame masa jiki. Ka ɗora wannan kusa da mataki na uku na Fitts da Posner, ka ga ko akwai bambanci. Ibn Haldun ma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ce sana'a malaka ce da ake samu ta yawan maimaita aiki har siffarsa ta kafu. Mu ma da muka ce hali zanen dutse, ai mun san ba da dare ɗaya ake zana dutse ba, kuma akwai mai riƙe da abin zanen.

Sai dai akwai ƙalubalen da ba zan tsallake ba, domin shi ya fi hana ni barci. Wani zai ce: Malam, ka ce alhakin yana ranakun koyo. To matashin nan shi ya zaɓi makarantarsa? Da bakin bindiga aka miƙa masa tiyo. Yaron da ya tashi a gidan da mari ne gaisuwar safe, shi ya zaɓi gidan? Wannan magana gaskiya ce, kuma tana rage nauyi ƙwarai. Kaso mafi girma na jinin da ya zuba a bakin yaron nan yana wuyan masu gidan bashi, waɗanda ba su ma san an yi ba. Wanda ya koya wa hannun wani mugunta yana da rabo a duk abin da hannun zai aikata bayan sun rabu. Ni da ban shiga gidan ba, ba ni da bakin cewa da ni ne da na zaɓi a ci gaba da dukana. Amma rage nauyi daban, sauke shi daban. Ranar da matashin ya tsaya yana kallon hannunsa, ranar ya san abin da yake ɗauke da shi. Daga wannan rana tambayar ta sauya. Ba a ƙara tambayar sa wa ya koya masa ba, sai dai me ya yi bayan ya sani. Wanda ya san karensa na cizo, ko ba shi ya koya masa ba, shi ne mai ɗaure shi.

Ba daga kan tudu nake wannan magana ba. Na dawo gida a ƙarshen 2017, na koma aji. Bayan 'yan watanni, wata rana da yamma, ɗana mai shekara shida ya fizge wayata tana caji, ta faɗi, gilashin ya tsage. Ban san lokacin da na yi ba. Na dai ga yaron ya dafe kunci yana kallona, bai ma fara kuka ba don mamaki. Mahaifiyarsa ta fito daga ɗaki, na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji maganar matashin nan na Sabha tana fitowa daga bakina kalma bayan kalma. Ta ɗauki yaron, ta ce, "Malam, jiya ƙaninka ya fasa maka fitilar babur, ban ga hannunka ya kuɓuce ba." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ni ba gidan bashi ne ya koya mini ba. Shekarun da na yi ina zagaya fili da bulala a hannu ne, ina tsula wa wanda ya makara, ina tsula wa wanda ya kasa tsallake igiya, ina kiran abin tarbiyya. Na yi wa hannuna atisaye sau dubbai a kan 'ya'yan mutane, sannan na yi mamakin ranar da ya nuna gwanintarsa a kan nawa.

To akwai magani? Masu horar da 'yan wasa sun san abu biyu, ɗaya mai ɗaci, ɗaya mai daɗi. Mai ɗacin shi ne tsohon sabo ba ya gogewa. Ɗan wasan da aka gyara wa salon gudu ko salon bugu yakan yi sabon salon lafiya lau a wurin atisaye, amma idan gajiya ta kama shi ko wasa ya yi zafi, sai tsohon ya leƙo. Saboda haka wanda ya ce ya tuba jiya, yau hannunsa ya zama sabo fil, yana yaudarar kansa. Mai daɗin kuwa shi ne tsayawa ma motsi ne, ana kuma koyon ta. A 1984 Gordon Logan da William Cowan suka bayyana abin da ke faruwa idan mutum ya fara motsi sannan aka ba shi alamar ya fasa: kamar tsere ne tsakanin umarnin tafi da umarnin tsaya, wanda ya riga isa shi ke cin nasara. Je ka filin dambe ka gani da idonka. Ɗan damben da ya kai abokin karawarsa ƙasa, jininsa na tafasa, kalangu na tashi, hannunsa naɗe da zare yana sama, amma ya tsaya cak, domin an yi kisa, wasa ya ƙare. Ba a haife shi da wannan tsayawar ba. Ya koye ta ne tun yana ɗan ƙuru, a hannun manyan da ba sa yafe wa mai dukan wanda ya faɗi.

Idan kuma sabon ya yi zurfin da ba za a iya dogara da jiki ba, akwai darasi a rayuwar wani Bature ɗan Ingila mai suna Ian Waterman. A 1971, yana da shekara 19, yana sana'ar fawa, wata cuta ta lalata jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gaɓoɓi suke, daga wuyansa zuwa ƙasa. Tsokarsa lafiya lau, amma idan ya rufe ido bai san inda hannunsa yake ba. An ɗauka ba zai ƙara tafiya ba. Ya yi fiye da shekara a asibitin gyaran jiki yana koyon zama da tsayuwa da taku, ta hanyar kallon kowace gaɓa da tunanin kowane motsi. Ya koma tafiya, ya yi aikin ofis, har ya yi tuƙi, amma idan wuta ta ɗauke a ɗaki faɗuwa yake yi, domin ba shi da damar sakin jiki kamar sauran mutane. Likitansa Jonathan Cole ya rubuta littafi a kan rayuwarsa a 1991. Wasu daga cikinmu haka za mu rayu da fushinmu: ido a kan hannu kullum, ba hutu. Da wuya, amma ya fi a ce hannun ne.

Abin da na yi ba shi da yawa. Na ajiye bulala a fili. Na ɗauki al'adar haɗa hannuwana a baya duk lokacin da yaro ya ɓata mini rai, a makaranta ko a gida, tun ina yi da tunani kamar mai koyon keke, har ya fara zuwa da kansa. Sau biyu tsohon ya leƙo, sau biyu na ba yaro haƙuri a gaban 'yan ajinsu, abin da a da nake ganin zubar da girma ne. Ibn Haldun ɗin nan ya keɓe fasali guda a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, tana koya musu ƙarya da munafunci don tsoron hannun da ke kansu. Mu malaman wasanni da masu sana'a da iyaye, ba ƙafa da hannu kawai muke horarwa ba. Duk yaron da ya tsaya a gabanmu yana koyon abu biyu a lokaci guda: yadda ake buga ƙwallo ko riƙe cokalin gini, da kuma yadda babba yake yi da ƙarami idan ƙaramin ya yi kuskure. Na biyun ya fi daɗewa a jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma sai a tambayi mai tanƙwarawar ina yake so ya fuskanta.

Ban san inda matashin nan yake yanzu ba. Da safen da ya biyo bayan abin, na ga ya sayo wa yaron madara da burodi, ya ajiye a gefen tabarmarsa, bai ce komai ba. Bayan sati biyu ya hau mota ya yi arewa. Shi kuwa dattijon, ranar da zan taho na je yi masa sallama a wurin aiki. Yana tsaye a kan katako, muna magana, idonsa a kaina, amma na lura ƙafarsa ta dama tana danne da ƙarshen katakon, domin wani sabon yaro yana hawowa da kwanon siminti a ka. Na tabbata da na tambaye shi, da ya ce bai san ya yi ba.

Allah Ya ba mu ikon lura da abin da muke koya wa hannuwanmu.